Songguk-ri: Inda Noman Shinkafa Ya Fitar da Manya

A shekarar 1974 aka ci karo da wani kabarin dutse a Songguk-ri, cikin gundumar Buyeo ta Koriya ta Kudu. An binne mamacin da wuƙar tagulla, da kibau na gogaggen dutse, da duwatsun ado. Da masu binciken tarihi suka fara haƙa a 1975, sai ga gari guda, wanda ya bunƙasa wajen shekara ta 850 zuwa 550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Waɗanda suka riga su zama a Koriya ba manoma ba ne sosai. A Amsa-dong, bakin kogin Han a birnin Seoul na yanzu, kamun kifi da tsintar 'ya'yan itatuwa ne abin dogaro. Gero ya shigo tun kusan shekara ta 3500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma ɗan ƙari ne kawai, kuma ƙananan iri ne na gabashin Asiya, ba irin namu ba. Sai daga wajen 1500 kafin haihuwarsa noma ya zama ginshiƙin rayuwa, a zamanin da ake kira Mumun saboda tukwanensa marasa zane.

Hatta gidaje sun sauya. A farkon zamanin Mumun dogaye ne, masu murhu da yawa, dangi duk a rufi ɗaya. A Songguk-ri kuwa an samu ƙananan ɗakuna zagayayyu, an haƙa daɓensu cikin ƙasa, da rami a tsakiya. An tono ƙonanniyar shinkafa, da wuƙaƙen dutse na yanke zangarniya, da sawun shingen manyan itatuwa. Ba wanda zai sha wahalar kafa irin wannan shinge sai mai abin da yake tsoron a kwashe masa.

A Daepyeong, kusa da Jinju a bakin kogin Nam, har kunyoyin gonaki aka tarar kwance ƙarƙashin yashin ambaliya. A can wasu gidaje sun ƙware wajen sarrafa koren dutse zuwa kayan ado, kayan da ba kowane kabari ake samunsu ba.

Bambancin manya da talakawa ya fi fitowa fili a kaburburan da ake ɗora wa ƙaton dutse, waɗanda Koriyawa ke kira goindol. Wasu duwatsun sun haura tan 50, jan su sai da gayya, gayya kuwa sai mai hatsin ciyar da jama'a da bakin da za a saurara. A shekarar 2000 UNESCO ta sanya na Gochang da Hwasun da Ganghwa cikin kayan tarihin duniya.