Kada A Raina Sojan Gadi

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin samarinmu a 'yan shekarun nan, wadda ake maimaitawa a majalisu da tashoshin mota har ta gundure ni, ita ce idan ɗan unguwa ya zo hutu daga bariki, maimakon a yi masa barka da zuwa a tambayi lafiyar abokan aikinsa, sai wani mai kaifin baki ya tare shi da cewa, "To, Kofur, kai cikin 'yan ƙundumbala kake, ko kuwa sojan gadi ne?" In bawan Allah ya faɗi gaskiya, ya ce shi direban tankar ruwa ne, ko kuku, ko bakaniken motoci, sai majalisa ta kwashe da dariya, alhali kuwa a cikin masu dariyar babu wanda ya taɓa kwana ɗaya a zaune da bindiga a cinya domin wani ya yi barci. Illar wannan shegantaka ta kai har wasu ƙananan sojoji sun koyi ƙarya, suna aron baƙin tabarau da ƙyallen rufe fuska su ɗauki hoto domin a ce su ma na musamman ne, wasu kuwa da aka gwada su ba su ci zaɓe ba sai zuciyarsu ta mutu, su riƙa ganin kakin da ke jikinsu kamar na aro.

Su dakaru na musamman, waɗanda ake kira 'yan ƙundumbala, mutane ne ƙalilan da ake tsamowa a ba su horo mai tsanani saboda ayyukan gaggawa, kamar kuɓutar da wanda aka sace ko kai samame a tsakiyar maƙiya, kuma Najeriya tana da makarantarsu a Buni Yadi ta Jihar Yobe. Ba ni da ja da su, Allah ya ƙara musu nasara. Finafinan Amurka da hotunan Facebook su suka kumbura sunansu a idon yara, wannan kowa ya sani. Abin da nake jayayya da shi shi ne shubuhar nan da ke cewa su kaɗai ke yaƙi, sauran duk 'yan rakiya ne.

Wanda ke da wannan fahimta ya je Zariya, inda ake horar da kurata tun 1924, ya tambayi sunan barikin, za a gaya masa Chindit. Sunan wata runduna ce ta musamman da wani janar ɗan Ingila, Orde Wingate, ya kafa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, domin a jefa mutane can cikin dajin ƙasar Bama, bayan sansanonin Japanawa, su yanke musu hanyoyi. A watan Maris na 1944 aka fara kwasarsu da jirage zuwa cikin dajin, kuma a cikinsu akwai bataliyoyi uku na sojan Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12. To, ga abin lura: waɗannan kakanni namu ba wasu zaɓaɓɓu ba ne da aka tace ɗaya bayan ɗaya, sojan ƙasa ne na yau da kullum, da yawansu manoma ne da aka ɗebo daga ƙauyukan Arewa, kuma aikin da aka fara ɗora musu a cikin wannan runduna mai suna shi ne tsaron sansani, wato dai gadin nan da ake yi wa dariya. Sansanin da Turawa suka kira White City, wanda ya toshe hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Mandalay zuwa arewa, ya sha farmakin Japanawa dare bayan dare a watan Afrilu, kuma 'yan Najeriya suna cikin waɗanda suka tsaya a ramuka bayan waya mai ƙaya har maƙiyi ya gaji. Da masu gadin sun gudu, da jaruman da suka fita samame ba su da inda za su koma, ba su da filin da jirgi zai sauka ya kwashe musu masu rauni.

A ɗaya gefen ƙasar kuwa, wajen kwarin Kaladan da gaɓar Arakan, akwai manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, waɗanda babu wanda ya kira su na musamman, kuma a cikinsu akwai dubban mutane da aikinsu dako ne. Mutum ya ɗora gammo, a aza masa akwatin harsashi ko wani ɓangare na igwa da aka kwance, adda a kugunsa, ya hau tsauni mai santsi a cikin ruwan sama, matsattsaku na shan jininsa, ya sauko ya ƙetare rafi ruwa iya ƙirji ba tare da ya jiƙa kayan ba. Da maraice kuma, kafin ya ci abinci, a ce ya sare daji a buɗe fili inda jirage za su jefo guzurin gobe. Da irin waɗannan kawuna aka kai yaƙi inda mota ba ta shiga, har rundunonin biyu suka ci garin Myohaung a watan Janairu na 1945. Barikokin Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna, duk sunayen wuraren da suka taka ne, amma ɗan zamani yana wucewa ta ƙofarsu kullum bai san cewa gumin 'yan dako ne ya kawo sunayen gida ba.

Hasali ma shi kansa babban kwamandan yaƙin Bama, William Slim, da ya zauna rubuta tarihin yaƙin, wanda aka buga a 1956, ra'ayin da ya bayyana shi ne yawan kafa rundunoni na musamman ɓarna ce, domin ana kwashe gwarazan kowace bataliya a bar ta da rauni, kuma abin da ke cin yaƙi shi ne ingancin sojan gama-gari. Su Chindit ɗin, bayan 'yan watanni a daji, zazzaɓi da atuni da yunwa sun kassara mafi yawansu, aka janye su, a farkon 1945 aka rushe rundunar, sojan yau da kullum suka ƙarasa aikin.

Mu kuwa da muka tashi a gaban malamai bai kamata a ce sai Bature ya koya mana wannan mas'ala ba. A ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ajiye maharba 50 a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, ya umarce su kada su gusa ko da sun ga an ci nasara. Da mafi yawansu suka ga kamar an bar su a baya ana rabon ganima, suka sauko, sai Halidu ɗan Walidu, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya zagayo da dawakai ta gurbin da suka bari, nasara ta juye. A cikin sahun gaba akwai Hamza da Aliyu, amma jaruntarsu ba ta toshe kafar da masu gadi suka buɗe ba. Hadisai ingantattu sun yabi idon da ya kwana yana tsaro, sun yabi bawan da duk inda aka ajiye shi, gaba ko baya, nan yake tsayawa ba tare da an san sunansa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, da iliminsa da sarautarsa, ya fifita zaman ribaɗi a bakin iyaka, ya zauna a Wurno har ya rasu a can a 1837.

Saboda haka, kai farabiti ko kofur da ke tsaye a shinge tsakanin Damaturu da Maiduguri, cikin hunturu, bayan buhunan yashi, da tocila a hannu, ka gyara niyyarka tukuna, domin riya da ujubu sun fi harsashi saurin cinye ladan mutum. Ka ƙware a kan abin da aka damƙa maka har ya zama in an rasa ka a ji. In bakanike ne kai, kada mota ta bar hannunka da birki mai shakka, domin rayuka goma ne a bayanta; in kuku ne, ka tafasa ruwa, ka rufe abinci, ka tuna cewa gudawa tana kwantar da kamfani guda ba tare da an harba ko ɗaya ba; in kana sadarwa, ka isar da saƙo yadda aka faɗa, ba ƙari ba ragi. Ka share bindigarka ko ba a zo dubawa ba. Kada ka karɓi na goro a hannun direba, kada ka sa tsoho tsallen kwaɗo a gaban jikokinsa, domin abin da ke zubar da darajar kaki ke nan, kuma mutanen ƙauye ba sa kai labarin maƙiyi ga wanda ya wulaƙanta su. Ka zauna jarrabawar ƙarin girma, ka nemi kwas ɗin sana'a tun kana da ƙarfi, saboda ranar da za ka ajiye kaki ka koma gida. In kana sha'awar shiga cikin na musamman, ka nema da gaske, ba aibi ba ne. In ba a ɗauke ka ba, ka sani cewa gurabe ne kaɗan, kuma sau da yawa gwiwa ce ko zazzaɓin kwana biyu ke fitar da mutum. Kada kuma ka ɗora wa kanka labarin yaƙin da ba ka je ba, domin mazan jiya suna gane maƙaryaci tun daga tambaya ta biyu.

Hafsoshi su ma akwai nasu: a biya alawus a kan lokaci, a ba da hutu, kuma ranar rabon yabo a tuna da mai tuƙi da mai jinya. Ku kuma iyaye da matan aure da abokai, in ɗanku ya dawo ya ce shi gadi yake yi, ku ce masa sannu da aiki, ku ba shi ruwa, ku bar shi ya yi barci, kuma ku tsawata wa yaran majalisa.