Furen icce

Kowane ɗan makaranta ya taɓa fiƙe fensir. In ya sa fensir cikin abin fiƙewa ya murza a hankali, sai wani siririn icce ya fito yana naɗewa, kamar bakin siket. Ta irin wannan hanya ce ake yin furen icce na ado.

Masassaƙin garinmu yana ajiye icce a ƙasa, ya yi ta saran sa da gizago har ya zama turmi ko akushi. Amma akwai wata irin sassaƙa da ake yi da inji. A wannan sassaƙa, icce ne ke juyawa, ƙarfe kuma yana hannun ma'aikaci. Wani injin da lantarki yake aiki, wani kuma da ƙafa ake taka shi.

A ƙasar Jamus akwai wani ƙauye cikin duwatsu mai suna Zaifen. Da can mutanensa kuza suke haƙowa. A ƙarni na 18 kuzar ta fara ƙarewa, sai suka koma sassaƙa da inji don su ci da iyalinsu. Har yau jikokinsu suna yin kayan wasan yara, da ƴan itatuwa, da furanni, duk na icce.

Ga yadda ake yin furen. Ma'aikaci yana zaɓen ɗan reshe miƙaƙƙe, mai kaurin babban yatsa, tsawonsa kamar santimita 10. Ɗanye ya fi kyau, don busasshe karyewa yake yi, ba ya naɗewa. Sai ya ɗaure gefe guda tam a bakin injin, ya tayar da shi. Da farko yana feƙe ɓawon, ya daidaita reshen har ya daina rawa.

Sannan ya ɗauki ƙarfe mai kaifi, mai karkataccen baki, ya ɗora shi bisa madogari. Yana kai tsinin ƙarfen ga kan reshen, ya tura kaɗan. Nan da nan siririn icce ya tashi kewaye da reshen, ya buɗe. Kafin ya tsinke, sai ma'aikaci ya janye ƙarfen. Ya koma baya kaɗan, ya sake turawa, layi na biyu ya tashi. Haka zai yi ta yi har furen ya cika. Daga ƙarshe ya sassaƙe gindin, ya yanke furen, ya huda shi, ya soka masa siririn tsinke. Wasu suna tsoma shi cikin rini ja ko rawaya.

Gwanintar duk tana wurin tsayawa. In ya janye ƙarfen da wuri, furen ba zai buɗe ba. In ya wuce wuri, abin ya tsinke ya faɗi ƙasa, ya zama shara. Shi ya sa mai koyo yakan ɓata rassa da yawa kafin ya sami fure guda mai kyau.

Injin nan ba abin wasa ba ne. Yana iya fizgar hannun riga ko gyale, ɓarɓashin icce kuma yana iya shiga ido. Don haka ma'aikaci yana naɗe hannun rigarsa, ya sa tabarau. Yaro ba ya taɓa injin sai babba yana kusa.

Furen icce ba ya son ruwa, ba ya yaushi. Kuma ba sai an sare bishiya ake yin sa ba: reshen da aka datse ya isa.

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin aikin gizago da aikin inji?
2. Don me ake zaɓen ɗanyen reshe?
3. Me zai faru in ma'aikaci bai janye ƙarfen da lokaci ba?

Aiki
Ku fiƙe fensir a hankali, ku manna abin da ya fito bisa takarda, ku yi fure da shi.