Tafiya Makka A Ƙasa, Da Abin Da Ta Koya Wa Kakanninmu

Mu da ke zaune nan Maisandari mun saba da ƙugin jirgin sama, har ba mu ko ɗaga kai. Lokacin aikin haji mutum ya kan karya kumallo a Maiduguri, ya kwana a Jidda. Saboda haka da wuya yaran yanzu su yarda in an ce musu kakanninsu sun yi wannan tafiya da ƙafa, waɗansu cikin watanni, waɗansu cikin shekaru, waɗansu kuwa ba su komo ba sam. To, bari mu duba yadda a kan yi ta, domin akwai darasi a ciki ga wanda zai zama malami.

Tun da aka kafa Yerwa cikin 1907, garin nan ya zama babbar ƙofar gabas. Maniyyata daga Kano, Katsina da Sakkwato su kan sauka wajen Hausari da Zango, su huta, su jira ayari. Daga nan sai Dikwa, sai Gamboru Ngala, a ratsa Kamaru zuwa Kusuri, a haye kogi a shiga Fallomi, watau birnin da aka sake wa suna Injamena cikin 1973. Sa'an nan a miƙa Abeshe ta ƙasar Wadai, a wuce Adire, a shiga Darfur ta Jinaina, a bi Fashir har Ubayyid. Jirgin ƙasa ya iso Ubayyid tun 1912, saboda haka mai ɗan hali ya kan hau shi zuwa bakin Bahar Maliya, ya shiga jirgin ruwa a Sawakin ko Fot Sudan. Tsakanin Maiduguri da bakin bahar ɗin ya fi mil 1,500.

In ka zauna da tsofaffin da suka bi hanyar nan, abu na farko da za su faɗa maka shi ne maganar kaya. Wanda bai taɓa tafiya ba ya kan so ya kwashe ɗakinsa duka, amma kafin ya kai Dikwa wuyansa ya gaya masa gaskiya. Abin da ya kan rage a ƙarshe bai wuce buzu, da buta, da salka, da sanda, da gafaka ba, sai ɗan garin gero da kilishi. Kowane zango sai an sayar da wani abu, ko a yi sadaka da shi.

Abu na biyu, kuɗin guzuri ba su kai mutum Makka, sana'a ce ke kai shi. In aljihu ya bushe, sai ayari ya yada zango a wani gari, kowa ya kama abin da ya iya. Wanzami ya buɗe zabira, baduku ya zare basilla, malami ya tara yara da alluna, mata su toya ƙosai. Wanda ba shi da sana'ar hannu ya yi ga-ruwa ko ƙodago. Bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar cikin 1925, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, mutanenmu da yawa suka yi ta aikin tsinkar auduga can, su tara na jirgi. Waɗansu su kan yi damina biyu ko uku kafin su ɗaga.

Abu na uku shi ne zama da mutane. Matafiyi ya kan tashi da Hausa kaɗai, ya tsinci Barbarci a Barno, ya tsinci Larabcin Shuwa a Cadi, tun da ba ya samun ruwa ko masauki sai ya iya gaisuwa. Ya kan koyi cin abin da ya tarar, ya kama bakinsa a kan al'adar da bai gane ba. Wanda ya raina fatomansa, shi ke kwana a waje.

Kada a zaci tafiyar daɗi ce. Ƙishirwa, da 'yan fashi, da ciwo sun cinye mutane da yawa, aka binne su inda babu wanda ya san sunansu. Har akwai miyagu da su kan yaudari maniyyata su sayar da yaransu a Hijaz, kafin Saudiyya ta hana bauta cikin 1962. Waɗansu kuma zama ya yi musu daɗi a hanya. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da jama'a, ya zauna a gefen kogin Nilu, garin har yau da sunansa a ke kiransa. Jikokin irin waɗannan matafiya suna nan a Sudan, ana ce da su Fallata ko Takari, da yawansu suna jin Hausa.

Zuwan motoci ya rage wahala, sa'an nan jirgin sama ya kashe hanyar. Yaƙin Darfur na 2003, da fitinar da ta tashi a Barno cikin 2009, da yaƙin Sudan na 2023, sun ƙara toshe ta. Tsofaffin da suka taka ta kuwa kullum raguwa su ke yi.

To, 'yan'uwa ɗalibai, ga aiki biyu. Na ɗaya, in an yi hutu, kowa ya nemi dattijo ko tsohuwa a unguwarsu da ta bi hanyar nan, ya rubuta labarin zango zango, ya zana taswira, ya kai wa ajinsa ran darasin labarin ƙasa. In ba mu rubuta ba, zai bi su kabari. Na biyu, ranar da aka tura ɗayanmu wani ƙauye mai nisa, kada ya zauna yana gunaguni. Ya rage kaya, ya riƙe sana'arsa da kyau, ya koyi gaisuwar mutanen wurin. Da waɗannan uku kakanninmu suka kai Makka. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu sa'a, amin.