Rigakafin masassarar cizon sauro a lokacin damina: abin da bincike ya kawo wa karkarar Issawane

1. Gabatarwa

Issawane ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Mayahi, kusa da ƙasar Tasawa, cikin jahar Maradi. A wannan yanki ruwan sama yana sauka ne tsakanin watan Yuni da na Satumba, kuma a ƙarshen wannan lokaci ne masassarar cizon sauro ta fi kama yara. Lokacin ya zo daidai da sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa, gero bai isa girbi ba, tamowa ta yawaita. A cikin wannan ƙasida za mu duba hanyoyi biyu na rigakafi da bincike ya samar, sa'an nan mu nuna inda muke ganin nasararsu ta rataya.

2. Maganin wata-wata

A shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ba da shawarar a riƙa ba yara masu wata 3 zuwa 59 magani sau ɗaya kowane wata a tsawon damina, ko da ba su da ciwo. Wannan shi ne abin da ake kira CPS a Faransanci. Dabarar ta dace ne da ƙasashe irin na Sahel, inda fiye da kashi 60 cikin ɗari na masassarar shekara ke aukuwa cikin wata huɗu. Gwaje-gwajen da aka dogara da su sun nuna tana hana kimanin kashi 75 cikin ɗari na kamuwa. A Nijar an soma aikin a 2013, kuma Madarunfa da Gidan Runji na jahar Maradi suna cikin gundumomin farko.

Ga yadda ake shan sa. Ran farko yaro yana shan sulfadoxine-pyriméthamine tare da amodiaquine a gaban mai rabo. Rana ta biyu da ta uku uwa ce ke ba shi amodiaquine a gida. Kariyar ba ta wuce mako huɗu ba, don haka ne ake sake zagayowa kowane wata.

3. Allurar rigakafi

OMS ta amince da allurar RTS,S a 2021, da R21 a 2023. Nijar ta ƙaddamar da RTS,S a Gaya, jahar Doso, a watan Satumba na 2024. Ana yin ta sau huɗu, kuma kariyarta ba cikakkiya ba ce. Wani gwaji da aka yi a Mali da Burkina Faso, wanda aka buga sakamakonsa a 2021, ya nuna cewa idan aka haɗa allurar da maganin wata-wata, kamuwa tana raguwa da kimanin kashi 60 cikin ɗari a kan abin da ɗayansu kaɗai ke bayarwa. Ke nan ba a yi allurar don ta maye gurbin ƙwayar ba.

4. Inda gizo ke saƙa

Abu na farko, kwana biyu daga cikin ukun ba a gaban ma'aikacin lafiya ake shan maganin ba. Amodiaquine tana da ɗaci, wani yaron ya kan amayar da ita, ga uwa kuma tana gona tun da safe. In aka tsallake waɗannan kwanaki, kariyar ta ragu, ƙwayar cutar kuma ta sami damar sabawa da maganin.

Abu na biyu ya shafi harshe. Kalmar "rigakafi" ita ce ake faɗa wa ƙwaya, da allura, da gidan sauro. Uwar da aka ce mata an yi wa ɗanta rigakafi a asibiti tana iya ɗauka ba ya bukatar na wata-wata. Haka nan "masassara" tana nufin kowane zafin jiki. Idan yaron da ya sha magani ya yi zazzaɓin wata cuta dabam, sai a ce maganin bai yi ba.

5. Kammalawa

A ganinmu, abin da ya rage a wuri kamar Issawane bincike ne a cikin gida: wa ke ba da maganin, da wane lokaci, da kuma kalmomin da aka yi wa uwa bayani da su. Wannan aiki ne da ya kamata ɗalibanmu na harshe da na zamantakewa su yi tare da likitoci.