Wa ke gaya wa ɗan tayi inda zai yi ƙashi da tsoka?

Mu da muka tashi a karkara mun sha fasa ƙwan da kaza ta yi kwana 4 a kai, mu tarar da jijiyoyin jini a kan gwaiduwa. To, daga ina suka fito?

Ko kaza, ko kifi, ko mutum, ɗan tayi yakan fara kasuwa shimfiɗa 3. Ta waje ta zama fata da ƙwaƙwalwa, ta ciki ta zama hanji da hanta. Ta tsakiya ita ke ba da tsoka, jini, zuciya, ƙoda da yawancin ƙasusuwa.

Ƙwayoyin jiki duka littafin gado ɗaya gare su. Wasu sinadarai ne ke buɗe wannan shafi, su rufe wancan. Akwai mai suna Brachyury: ɓeran da ya gaji lalataccensa daga uwa ko uba, da guntuwar wutsiya ake haihuwarsa. In daga su biyun ne, a ciki yake mutuwa. Akwai kuma MyoD, wanda a 1987 masana a Amurka suka kunna cikin ƙwayoyin da ba na tsoka ba, sai ga su sun koma tsoka.

Wajen ɗan Adam, wannan kasuwar a mako na 3 da shigar ciki take faruwa, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da juna biyu ba. Shi ya sa muke roƙo: in al'ada ta yi jinkiri, a bar maganin ƴan tebur, a je asibiti a tambayi ungozoma tukuna.