Ranar da Ɗanki Ya Karɓi Makullin Mota



Duk wadda gidanta ke kusa da titin Ali Akilu, ko ta wajen Kawo da Unguwan Rimi, ta san ƙarar nan ta daren Asabar. Ba sai kin leƙa ba, daga tsakar gida za ki ji ƙugin taya da hon, ki ce to, an ɗauko amarya, abokan ango ne ke wasan mota. In kina da saurayi a gida sai gabanki ya faɗi, ki shiga tambayar ƙannensa ina yayansu ya nufa.

Fargabar nan taki tana kan hanya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce haɗarin hanya na cin ran mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Amma yau ba lissafin gawa na zo mu yi ba. So nake mu leƙa zuciyar yaron.

Ki tuna haihuwarki ta fari. Ga tsoro, ga rashin barci, ga wankan jego, amma da aka yi arba'in ke kanki kin san ba yarinyar da aka kawo gidan ba ce. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin wannan, wato yadda mutum ke ƙara hankali da ƙarfin zuciya in ya tsallaka daga wani matakin rayuwa zuwa wani. Cikinsu akwai Farfesa Orit Taubman Ben-Ari ta jami'ar Bar-Ilan a Isra'ila, wadda ta shafe shekaru tana bincike a kan abu biyu: masu sabuwar haihuwa, da samari masu tuƙin ganganci. Da jin farko sai ki ce me ya haɗa kifi da kaska? Ai dukkansu mutane ne da aka ɗora wa amanar rai tun ba su gama sanin kansu ba. Bambancin shi ne, mai jego tana da uwa da gwaggo a kanta dare da rana. Shi kuwa yaro miƙa masa makulli ake yi, a ce Allah ya tsare.

Ga shi kuma sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. A 2005 wasu masana a Amurka, Margo Gardner da Laurence Steinberg, sun sa mutane wasan tuƙi a kwamfuta, wasu su kaɗai, wasu abokansu na kallo. Manya dai ko ana kallo ko ba a yi, tuƙinsu bai sauya sosai ba. Amma 'yan shekara 13 zuwa 16, da zarar abokai sun zuba ido sai kasadarsu ta kusan ninkawa. Kin ga ke nan yaron da ya kai ki awo Asibitin Barau Dikko a natse, shi ne dai zai zama wani daban in mutum biyar suka cika masa mota suna zuga shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne binciken da ita farfesar ta fitar da abokan aikinta a 1999. Sun sa wasu samari tunanin mutuwarsu, sannan suka duba yadda za su yi tuƙi. Waɗanda suka ɗauki iya mota a matsayin abin taƙamarsu, maimakon su yi sanyi, sai suka ƙara wuta! Kamar dai tsoron ne ya tura su ga abin da ke sa su ji su ma maza ne. Amma da aka yaba musu tukuna, sai wannan zafin ya kwanta.

Ban ce a daina tuna wa yaro lahira ba, Allah ya kiyaye. Cewa na yi, "za ka kashe kanka, wata rana gawarka za a kawo mini" da muke yi safe da yamma ba lallai ya yi aikin da muke zato ba. Yaron da ba a taɓa ce masa sannu da ƙoƙari a gida ba, a titi zai je neman tafi.

Wata za ta ce, ni da ko ƙofar gida ba na zuwa, ina ni ina maganar tuƙi? Uwargida, binciken da suka yi daga baya ya nuna yanayin gida na bin yaro har cikin mota: yadda uba ke tuƙi a gabansa, ko ana zama a yi maganar da shi, ko an san inda ya je, ko an kafa masa iyaka. Ban da tuƙin maigida, sauran duk suna hannunki, kuma shi ma maigidan kin san lokacin da yake jin magana. Ki nemi ya haƙura da ba da makulli sai yaro ya cika 18, ya yi makarantar koyon tuƙi, ya karɓi lasisi ta hannun Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Watannin farko ya riƙa fita da babansa ko kawunsa a gefe. Tuƙin dare da lodin abokai a ɗaga su tukuna. Haka nan in Keke Napep aka saya masa don neman na kansa.

In ya dawo kuma, kafin ki fara faɗa, ajiye masa abinci ki tambaye shi ya hanya. Ranar da ya kai kakarsa Zariya ya dawo da ita lafiya, ki faɗa a gaban babansa, ya ji da kunnensa.