Abin gashi na gas: inda ya kamata kuɗinka su tafi

Tun da gawayi ya yi tsada, musamman bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da kuɗin mota ya ninka, masu tsire da balangu da dama sun fara leƙen abin gashi na gas. 'Yan uwanmu da ke sana'a a Agege, Sabon Ibadan da Ama Hausa ta Owerri, in sun zo gida nan Garaku, tambayar ɗaya ce: mai araha za a saya ko a ƙara kuɗi? Mahaifina fataucin shanu yake yi, abokan cinikinmu kuwa mahauta ne da masu tukuba, don haka na ga irin waɗannan kaya kala-kala, na ga waɗanda suka jure da waɗanda damina ɗaya ta gama da su.

Ba laifi ba ne ka sayi mai araha. Laifin shi ne ka biya kuɗin ƙyalli. Yawancin na kwali da ake shigowa da su, fenti ne da murfi mai sheƙi da tayoyi, amma ƙarfen kamar gwangwanin madara. Mai sayen sa ba ya kallon sheƙin fata, sai ya dafa ya ji nama. To haka nan: ɗaga shi ka ji nauyi, danna gefen da babban yatsa. In ya lotsa, bar musu kayansu. Siririn ƙarfe ba ya riƙe zafi, dole ka riƙa ƙara wuta, abin da ka rage wurin saye sai ka biya shi a wurin mai cika tukunya.

Inda kuɗin suke shi ne kan murhun, wato bututun da wuta ke fitowa. Shi ne kitse ke ɗiga a kai, da gishiri da yaji, kullum cikin zafi. Na zubin ƙarfe mai kauri ya fi daɗewa. Na siririn kwano kuwa ramukansa ne ke fara cinyewa, sai ka ga wuta ta taru gefe guda, tsiren nan ya ƙone, na can ɗanye. Ka ce a kunna a gabanka. Wuta shuɗiya, daidai daga farko har ƙarshe, ita ake so. Ja ko rawaya mai hayaƙi na nufin iska ba ta shiga daidai, za ta baƙanta nama ta sha gas. Ka duba ko akwai ƙarfen da ya rufe saman kan don kare shi daga kitse, da faranti a ƙasa da ake zarowa a wanke. In babu, ranar da kitse ya taru ya kama, ka san sauran.

Ku na Legas da Fatakwal akwai ƙarin magana. Iskar teku da laima suna cin ƙarfe fiye da yadda muke gani a nan. In mai shago ya ce ƙarfensa ba ya tsatsa, ka sa masa maganaɗisu. Mai kyan galibi ba ya kamawa, ko ya kama kaɗan.

Ni a ganina, ga mai sana'a, na walda ya fi na kwali. Mai walda zai yi maka daidai faɗin wurinka, ka zaɓi kaurin ƙarfe da kanka, in raga ta cinye ko kai ya toshe ka koma ya canja. Na kwali kuwa makunni ɗaya in ya karye, kana iya zaga kasuwa ba ka samu irinsa ba. Sai dai ba kowane mai walda ya iya haɗa gas ba. Ka nemi wanda ka ga aikinsa a hannun wani yana ci.

Wuri ɗaya ne ba a neman sauƙi: tiyo, rigileta da tukunya. Tiyon ruwa ba na gas ba ne, komai kamarsu, kuma a ɗaure bakinsa da maɗaurin ƙarfe, ba roba ba. Hukumar SON ta ce shekara 15 ne wa'adin tukunya, shekarar ƙira tana rubuce a jikinta, ka karanta kafin ka karɓi ta hannu. Bayan an haɗa, shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa, in ya yi kumfa yana yoyo. Kada a gwada da ashana. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa, shi ya sa ajiye tukunya a shagon da mutum biyar ke kwana a rufe, kamar yadda da yawanmu ke yi a kudu, ganganci ne.

Gas ba ya ba nama ƙamshin hayaƙi, kuma masu saye suna ganewa. Shi ya sa wasu ke dafe naman a kan gas, su ƙarasa shi a kan ɗan gawayi. In haka za ka yi, mai kai biyu ya ishe ka, ba sai mai huɗu ba, ragowar kuɗin ka sa a rigileta mai kyau da tukunya mai kilo 12.5.